SALULA TA ƁATA: YADDA A KE BIN SAWUN WAYAR SATA A MARAƊI

Duk wanda ya saba zaman majalisa a Maraɗi, ko a Mokoyo ne, ko Bagalam, ko can sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho, ya san da wuya mako ya ƙare ba a kawo labarin wani da aka raba da salularsa ba. Wannan an zare masa ita daga aljihu cikin turmutsitsin Babbar Kasuwa ran Litinin ko ran Juma'a; wancan yana tafe yana magana, wani a kan babur ya fizge ta ya ƙara wuta; wata kuma ta bar tata wurin mai caji, da ta komo aka ce wai wani yaro ya zo da sunanta ya karɓa. Da an gama ba da labari sai a ce Allah ya mayar da alheri, mai waya ya yi ta maza ya ce amin, a shiga wata hira. Yawancinmu mun ɗauka abin da ɓarawo ya kama ya tafi ke nan. To, ba kullum ba ne. Salula ta bambanta da agogo da keke da rediyo, domin ita kaya ce mai baki: muddin tana kunne, tana faɗin inda ta ke. Abin da ya rage shi ne a san wanda ta ke faɗa wa, da ƙofar da za a bi a ji daga gare shi.

Kakanninmu sun san irin wannan aiki tun ba a yi mafarkin waya ba. In aka kore wa mutum shanu da dare, tun da jijjifi a ke kiran mai bin sawu, ya duƙa ya dubi kofato, ya dubi kashi ko ɗanye ne ko ya bushe, ya dubi inda kara ya karye, har ya kai jama'a bakin garin da sawu ya shiga. A nan a ke tsayawa. Ba a kutsa kai gidan kowa. Mai gari a ke yi wa sallama a gaya masa ga abin da ya kawo mu. In an fito da dabba kuwa, ba rantsuwa ke ba mutum ita ba, alamar da ya ɗana mata da wuta ko tsagar da ya yi mata a kunne ita ke shaidarsa. Sawu, da alama, da hukuma: abin da ya dawo da saniya jiya shi ke dawo da salula yau, sai dai sawun ya bar ƙasa ya koma iska.

Abin da ke cikin aljihu

Salula ba ta daɗe a ƙasarmu ba. Kamfanin Celtel ya fara aiki cikin 2001, ya koma Zain a 2008, sa'an nan ya zama Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya ɗauki sunan Zamani. Sonitel da SahelCom na gwamnati kuwa an haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Cikin waɗannan ƴan shekaru waya ta tashi daga abin alfaharin alhazan birni ta zama kayan aikin kowa, har mai tallan ruwa da ɗan kabu-kabu. Yawancin waɗanda ke hannun jama'a su ne Tecno da Itel da Infinix, dukansu na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion. Sai Samsung, sai kuma iPhone a hannun masu hali.

Wanda ya ce asarar salula asarar jika hamsin ko sittin ce, bai yi lissafi daidai ba. Maraɗi garin fatauci ne. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Kano ko Kwatano ko Lome, lambobin abokan cinikinsa duka suna ciki, da saƙonnin murya da aka yi ciniki da su, da hotunan takardun kaya. Sau da yawa ma littafin bashinsa ke nan, ba shi da wani. Manomin Jiratawa da ke yankan zogale a fadamar noman rani, da waya ya ke jin farashi kafin ya ɗaure buhu, da ita dillali ke kiransa. Ga kuɗin da ke cikin layi, na Airtel Money ko na Moov, ga manhajojin Nita da Amana da a ke aika kuɗi da su. Ga kuma abin da ya fi kuɗi, watau mutunci. Ɓarawon da ya buɗe WhatsApp ɗin mutum yana iya rubuta wa ƴan uwansa da sunansa, ya ce ga shi a asibiti a taimaka da jika ashirin, kuma a tura, domin lambar tasa ce, hoton nasa ne. Mace kuwa in hotunanta na cikin gida suka faɗa hannun marar tsoron Allah, abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin kuɗin waya.

Saboda haka aikin farko shi ne a toshe ƙofa, bin ɓarawo ya biyo baya. Mutum ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa ya nufi ofishin kamfanin layinsa, ya sa a rufe tsohon sim a ba shi sabo mai lambarsa ta da. Da ya sa sabon sim cikin wata waya ya shiga WhatsApp da alƙaluma 6 da za a turo masa, sai na cikin wayar sata ya mutu nan take. Sa'an nan ya sanar da inda ya ke ajiyar kuɗi, ya canza lambobin sirri, ya aika wa dangi da abokan ciniki cewa kowane saƙo ya zo musu tsakanin lokaci kaza da kaza ba nasa ba ne. Wanda ya bari sai gobe, ya ba ɓarawo dare guda ya yi kiwo a gonarsa.

Alamar da ke jikin waya

Jama'a da yawa suna zaton lambar da a ke kiransu da ita, ita ce lambar wayarsu. A'a, wannan lambar sim ce, kuma ita ɓarawo ke fara cirewa ya jefar a kwata. Ita wayar kanta tana da tata lamba daban da aka ba ta tun daga masana'anta, a na kiranta IMEI. Alƙaluma 15 ne: 8 na farko suna nuna kamfani da samfurin waya, 6 na biye su ne na wannan waya ita kaɗai, na ƙarshe kuwa na tantance cewa ba a yi kuskure wajen rubutawa ba. Wayar da ke ɗaukar sim biyu tana da irin wannan lamba guda biyu. Ganinta ba wuya: a danna *#06# kamar za a yi kira, sai ta bayyana. Tana kuma rubuce a jikin kwalin da aka sayo waya a ciki, kwalin nan da mu kan ba yara su yi wasa da shi tun ranar farko.

Amfaninta shi ne wannan. Duk sa'ad da waya ta kama rezo, ko da wane sim ne a cikinta, tana gabatar da kanta ga eriyar kamfanin da ke kusa, ta ce ga lambar sim ɗin da ke cikina, ga kuma tawa lambar. Kamfani yana ajiye wannan a cikin na'urorinsa, tare da lokaci da eriyar da ta karɓa. Watau ran da wani ya sa nasa sim cikin wayar sata ya kira matarsa, ran nan ya rubuta sunansa da hannunsa a littafin kamfani. Abin da ya sa haka ya yiwu kuwa shi ne rajistar layi. Masu karatu za su tuna da watan Nuwamba na 2013, lokacin da hukumar kula da sadarwa, wadda a lokacin a ke kira ARTP, ta sa aka yanke layuka wajen miliyan 1 da dubu 700 daga cikin miliyan 5 da dubu 400, saboda masu su ba su kai takardun shaida ba. An yi gunaguni ƙwarai a wancan lokaci, amma ba don wannan rajista ba da babu sunan da zai fito a bayan kowace lamba.

Sai dai fa kamfani ba ya ba kowa wannan bayani don ya zo da kuka. Ko mai waya ne da kansa, ga kwali ga rasit, ba za a buɗe masa littafi ba. Wasu suna ganin wulaƙanci ne, amma a ganinmu daidai ne, domin da a ce kowa na iya biyan jika biyu a gaya masa inda wane ya kwana, da miji mai zargi da mai bin bashi da ɗan fashi duk sun riga mai gaskiya zuwa layi. Tun 2017 ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan sirrin jama'a. Hanyar da doka ta buɗe ɗaya ce: a kai ƙara.

Daga komisariya zuwa kamfani

In cikin birni aka yi satar, komisariyar ƴan sanda a ke zuwa. In a karkara ne, galibi wurin jandarmomi. A tafi da katin ɗan ƙasa, da kwali ko rasit, da lambar IMEI a rubuce, a faɗi rana da sa'a da wurin da abin ya faru, da launin waya da duk wata alama da ke jikinta, ko tsagewar gilashi ce. A kan wannan ƙara ne jami'in bincike, ƙarƙashin ikon mai gabatar da ƙara na babbar kotun Maraɗi, zai rubuta wa kamfanonin waya takardar umarni, wadda ma'aikata ke kira rekizisiyo, cewa su faɗi wane sim ne ya shiga waya mai lamba kaza tun daga ranar kaza. Ya kamata takardar ta je wa kamfanoni duka, domin wayar da aka sace da layin Airtel tana iya farkawa da layin Moov.

Daga nan sai haƙuri, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya. Ɓarawon da ya san sana'arsa ba ya amfani da abin da ya sata. Kashe ta ya ke yi tun bai bar kasuwa ba, ya miƙa wa mai saye da yamma, mai saye ya ajiye ta kwanaki ko makonni har ƙura ta lafa. Amsar farko ta kan dawo babu kome. Wanda ya koma gida ya ce an ci kuɗin takardarsa, ya bar zance, ya yi gaggawa; wata guda ko biyu bayan haka wayar tana iya kunnuwa, amma sai in an sake tambaya za a sani. Ya kamata mai ƙara ya riƙa leƙawa yana tunatarwa cikin ladabi, domin teburin jami'i ba ƙararsa kaɗai ke kai ba.

In suna ya fito, da wuya ya zama na ɓarawon. Sau da yawa wani bawan Allah ne da ya saye ta a hannun wani, shi ma ya saya a hannun wani. Sai a kira shi, ya faɗi wanda ya sayar masa, a kira wancan shi ma ya faɗi nasa, a yi ta jan igiya baya-baya har a kai ga tushe, ko kuwa igiyar ta tsinke a kan wani yaro da aka gamu da shi a tasha, ba a san sunansa ba, ba a san garinsu ba. Wani lokaci kuma sunan da ya fito na wata tsohuwa ne a ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, jikanta ne ya yanki layi da katinta. Ko kuwa layin na cikin waɗanda masu talla ke sayarwa an riga an yi musu rajista da sunan wani. Kowa ya ara wa wani katinsa don a yanki layi, ya sani ya ara masa sunansa ne, kuma ran da aka zo nema ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Sawun da mai waya ke iya gani da kansa

Akwai hanya ta biyu wadda ba ta bi ta kamfanin layi. Kowace wayar Android tana ɗaure da wani asusu na Google, kowace iPhone kuma da asusun Apple. Apple ya fito da hanyar neman wayar da ta ɓata a 2009, Google ya bi sawu a 2013; nasa an daɗe a na kiransa Find My Device, a 2025 aka sake masa suna Find Hub. Mutum zai ari wayar ɗan uwansa ko ya shiga kwamfuta, ya sa adireshin asusunsa da kalmar sirri, sai taswira ta buɗe ta nuna masa inda wayarsa ta ke, ko inda aka gan ta a ƙarshe. Daga nan yana iya sa ta yi ƙara ko da an rufe mata murya, yana iya kulle ta ya rubuta saƙo a fuskarta da lambar da za a kira, yana kuma iya goge duk abin da ke cikinta. Gogewar nan a bar ta sai an fid da rai, domin a yawancin wayoyin Android da an goge, taswira ta daina nunawa.

Ga inda gizo ke saƙa. Mu tambayi kanmu, cikin mutum goma da ke riƙe da babbar waya a Sabon Gari, nawa ne suka san adireshin asusunsu? Abin da aka saba shi ne, ran da aka sayi waya sai a miƙa wa yaron shago a ce ya buɗe WhatsApp. Yaro ya ƙirƙiri adireshi da kalmar sirri daga kansa, ya danna, ya miƙo waya, a ba shi na goro a tafi. Shi ya manta kafin la'asar, mai waya kuwa bai taɓa sani ba. Ran da aka yi sata sai a tarar mabuɗin yana nan amma ba wanda ya san inda aka rataye shi. Ƴan makaranta da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cikin kowane gida suna da aikin yi a nan: su zauna da iyayensu da kakanninsu, su fitar da adireshin da kalmar sirri da lambar IMEI, su rubuta a takarda, a sa cikin akwatin da a ke ajiye takardun gida da na haihuwa. Aikin minti goma ne.

Wannan hanya ma tana da iyaka. Tana bukatar waya ta kasance a kunne, da intanet a buɗe, da alamar wuri a kunne. Gaskiya ne sababbin iPhone da wasu ƴan tsirarun wayoyi masu tsada suna iya ba da alama ko an kashe su, ta hanyar raɗa wa wayoyin da ke wucewa kusa da su, kuma Google ya shimfiɗa irin wannan tsari a 2024. Amma abin ya fi aiki inda wayoyi suka yi yawa. A shekarar nan ta 2024 kuma ya fito da wata dabara da ke kulle waya da kanta in ta ji an fizge ta an ruga da gudu, wadda aka fara gwadawa a Barazil. Tana cikin wayoyi da yawa da ke hannunmu, sai dai ba ta aiki sai mai waya ya shiga ya kunna ta.

Kada kuma a ɗauki ɗigon da ke kan taswira tamkar yatsan mai shaida. In waya tana ganin taurarin ɗan adam, ɗigon yana iya faɗawa cikin ƴan mitoci kaɗan. In kuwa da eriya kaɗai aka auna, kuskuren ya kan kai ɗaruruwan mitoci a birni, ya kai kilomitoci a karkara. A tsofaffin unguwanni irin su Limanci da Maradawa, inda katanga ke jingine da katanga, da'ira ɗaya tana iya rufe gida goma. Wa za ka tuhuma a ciki?

Tsibiri, Jiratawa, da abin da ke gaba da su

Mu ɗauka taswira ta nuna waya a Tsibiri. Tafiyar ƴan mintoci ce daga Maraɗi, ɗan kabu-kabu zai kai mutum ya komo kafin shayi ya huce, kuma zuciya za ta ce tashi ka tafi. To, a nan ne ya kamata a tuna da mai bin sawun shanu da ya ke tsayawa a bakin gari. Tsibiri gari ne mai sarautarsa, fadar Sarkin Gobir tun ƙarni na 19, kuma a tsarin mulki yana cikin gundumar Gidan Rumji. Jiratawa kuwa tana cikin ta Madarunfa. Kowanne yana da hukumar da ke da iko a kansa. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton taswirar da sa'ar da ta nuna, a kai wa jami'in da ke riƙe da ƙara, shi ya san takwaransa da zai kira. Wanda ya tara abokai huɗu suka dira ƙofar gidan mutane suna ihun ɓarawo, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya gamu da mai wuƙa, ko ya tara wa marar laifi jama'a. Kowa ya san yadda kalmar nan ta ke a kasuwa. Da an furta ta, ba mai sauraron bayani, kuma an sha rasa rai a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Mai wayar da ya jawo haka, shi zai kwana gidan kaso, waya kuwa ba ta dawo ba.

In ɗigon ya wuce Jiratawa ya ci gaba da gangarawa kudu, to, labari ya canza. Ɗan Isa na nan, Jibiya na gaba, Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, daga can kuma sai Kano da babbar kasuwar wayoyi ta Farm Centre. Wayar da aka sace da hantsi tana iya kwana a wata ƙasa. Da ta ɗauki sim na Najeriya ta fita daga littafin kamfanoninmu, takardar umarnin jami'inmu kuwa ba ta da iko a kan kamfanin da ke can. Hanyar ba ɗaya ba ce, biyu ce: kamar yadda tamu ke tafiya, haka tasu ke zuwa. Ƙwacen waya ya yi tsanani a Kano har majalisar tsaron jihar ta ayyana shi fashi da makami a 2023, kuma ba abin mamaki ba ne wayar da aka zub da jini a kanta can ta zo ta kwanta a teburin mai sayarwa nan. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, tana da kundin da a ke sa lambobin wayoyin sata domin kowane kamfani ya hana su rezo. Amma kundin ba ya amfani sai kamfanonin ɓangarorin biyu suna zubawa suna kuma dubawa. Wannan magana ce da ta dace hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a 2018, ta zauna a kanta da takwararta ta Najeriya, domin mutanen Maraɗi da na Katsina kasuwarsu ɗaya, ɓarayinsu ma ɗaya.

Kada a ce ƙaramin sawu ba ya kai wa ga babban rami. A Ingila, cikin Disamba na 2024, wani da aka sace wa iPhone ya bi ta a taswira har wani ɗakin ajiyar kaya kusa da filin jirgin saman Heathrow na Landan. Da aka buɗe kwalin da ta ke ciki sai ga wasu wayoyi 894, a na shirin aika su Hong Kong. Binciken da ya biyo baya ya kai ƴan sanda, a watan Oktoba na 2025, ga gungun da su ke zargi da fitar da wayoyin sata har 40,000 zuwa ƙasar Sin cikin shekara guda. Mutumin nan hukuma ya sanar, bai fasa ƙofar kowa ba.

Mai gyara da mai saye

Ɓarawo ba ya cin waya, sai ya sami mai karɓa. Tun 2013 iPhone ta ke da makullin da ke hana a sake amfani da ita ba tare da asusun mai ita ba, Android ma ta sami irinsa a 2015. Saboda haka wayar sata dole ta bi ta hannun wanda ya san yadda a ke wanke ta. Mafi yawan samarin da ke gyaran waya a bakin kasuwa da bakin tasha masu neman halali ne, kuma sana'arsu ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma a cikinsu akwai wanda za a kawo wa waya a kulle, ba kwali, ba caja, mai kawowa bai san lambar buɗe ta ba, ya karɓa ya fasa makullin bai yi tambaya ba. Akwai ma mai goge lambar IMEI ya rubuta wata, abin da ya fi sauƙi a kan wayoyi masu araha. Wadda ta gagara fasawa sai a yi mata fiɗa, a sayar da gilashi daban, batir daban. Da masu wannan sana'a za su ajiye littafi, su rubuta suna da lambar katin duk wanda ya kawo waya a buɗe ko a sayar, da lambar wayar, da sun kare kansu kafin su kare kowa.

Akwai wata dabara da masu iPhone ya kamata su sani. Bayan kwana biyu ko uku da sata, saƙo ya kan zo wai daga Apple, cewa an ga wayarka, shiga nan ka sa kalmar sirri ka ga inda ta ke. Ɓarayin ne ke neman mabuɗi. Haka kuma masu cewa a intanet a turo musu IMEI da kuɗi su nemo waya. Ba su da hanyar shiga littafin kamfani, sata ta biyu ce kawai.

Mai saye kuma ya san cewa doka ba ta tsaya kan ɓarawo kaɗai ba. Wanda ya karɓi kaya ya san na sata ne, shi ma mai laifi ne, kuma alƙali ya kan duba farashi. Wanda ya sayi wayar jika ɗari a kan jika ashirin da biyar, a bayan tasha, da magariba, zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa bai yi zato ba. Dokar dukiya da muka gada daga kundin Faransa na 1804 ta ba wanda aka yi wa sata shekara 3 ya nemi kayansa a hannun duk wanda ya same su; sai dai in mai riƙe da kayan ya saye su ne a kasuwa a fili, ko a shagon mai sayar da irinsu, to, mai kaya zai mayar masa da kuɗin da ya biya kafin ya karɓa. Ga amfanin rasit ga mai saye ke nan. Kafin a biya kuɗin wayar hannu, a danna *#06# a gwada da abin da ke jikin kwali, a sa mai sayarwa ya buɗe ta ya cire asusunsa a gaban ido, a rubuta ƴar takarda da sunansa da lambar katinsa da shaidu biyu. In ya ce sauri ya ke yi, a bar shi ya tafi da saurinsa.

Ran da aka dace waya ta dawo, ba a hannu a ke miƙa ta nan take ba, domin ta zama shaida a cikin ƙara, wani lokaci sai mai gabatar da ƙara ya ba da izini. Za a kira mai ita ya zo da kwalinsa, a kunna ta a gabansa, a gwada alƙaluman nan 15 ɗaya bayan ɗaya da waɗanda ya rubuta ran da ya kawo ƙara. In sun yi daidai ya sa hannu ya karɓa. Galibi zai same ta a wanke, ba lamba ba hoto. Wanda ya san asusunsa, da ya shigar da shi sai sunayen mutanensa su dawo, da hirarrakin WhatsApp in ya kasance yana ajiye su. Wanda bai sani ba kuwa sai ya bi abokan cinikinsa rumfa-rumfa yana karɓar lambobinsu.